Ranar da Tasi'u Ya Ajiye Hula

Tasi'u ɗan 'Yar'azumi mai banda haifaffen Gabaruwa ne, ƙauyenmu da ke bakin ruwa gabas da Haɗeja, kusa da dausayin Baturiya. Abokina ne tun muna tseren iyo a kan gora. Ni Ja'afaru ɗinkin komar kamun kifi nake yi, karatuna bai wuce firamare ba, don haka a yi mini afuwa. Abin da na gani na rubuta, da abin da ya faɗa mini da bakinsa, Allah ya jiƙansa.

Dogo ne siriri, mai tabon ƙugiya a babban yatsa. Ya gama sakandare ya dawo sana'ar su kamar mahaifinsa marigayi, ya auri Mardiyya 'yar kawunsa, Allah ya ba su 'ya mace. Aibinsa ɗaya a wurin mutanen gari, tambaya. Don me tarwaɗa ke son laka? Don me ruwa ke zuwa bayan sama ta ɗauke? Har aka laƙaba masa suna Don-Me, yana amsawa yana dariya.

Yana da shekara ashirin da shida ya kai bandar mahaifiyarsa kasuwar Haɗeja, ruwan sama ya kora shi cikin wani zaure. Ya tarar da mutum kusan ashirin a zaune a da'ira, suna gardama kamar za su cinye juna, amma ba mai zagin wani. Makarantar Malam Abdulmannan ce, wani tsohon malamin makaranta da ya yi ritaya. Karatun shekara huɗu ne, fanni bakwai a jere: nahawu, sai mantiƙi, wato gane hujja mai ƙafa daga gurguwa, sai balaga, sai hisabi, sai awon fili da zane, sai ma'aunin waƙa, a ƙarshe taurari. Ba takardar da za a nemi aiki da ita. A cikin ɗaliban akwai tela, akwai direba, akwai ma'aikacin jinya. Ruwa ya ɗauke, Tasi'u bai tashi ba. Ran nan bandar ma a hannun wani ya bar ta.

Daga nan ya raba makonsa biyu, kwana uku a Haɗeja, huɗu a kan ruwa. Mutane suka ce karatun da ba ya kai mutum ofis, ina amfaninsa? Shi kuwa idan ya dawo sai ya zauna kusa da ni ina ɗinki, ya yi ta zana mini layuka a ƙasa da tsinke, idonsa na ƙyalli kamar na wanda ya kama giwan ruwa. Ban gane rabin abin da yake faɗa ba, amma ina son kallon fuskarsa.

Makarantar tana da wata al'ada. Duk Alhamis ɗalibi ɗaya zai miƙe ya kafa magana, sauran su yi ta jifanta da tambayoyi. Idan aka kawo tambaya mai ƙarfi wadda ba shi da amsarta, ba zai yi kame-kame ba. Zai cire hularsa ya ajiye a gaban mai tambayar, ya ce, "Hujjarka ta fi tawa a yau," ya zauna. Hular za ta zauna a hannun mai tambaya, shi kuma ya yi ta yawo kai ba hula har sai ya nemo amsa ya kawo a gaban kowa.

Karonsa na farko da Victor ne, ɗan wani malamin asibiti mutumin kudancin Kaduna, wanda aka haifa a Haɗeja. Tasi'u ya kafa cewa kifi yana jin maganar mutum, shi ya sa masunta ke yin shiru.

Victor ya ce, "Da wane yare yake ji, Hausa ko Barbarci?"

Aka yi dariya. Tasi'u ya ce, "Kai da ba ka san kifi ba sai a faranti."

"Na yarda. To amma Sarkin Ruwan boko, ka taɓa yin magana ba tare da jikinka ya motsa kwale-kwale ba? Ta yaya ka san muryarka ya guda, ba girgizar jirgi ba?"

Tasi'u ya ce mini a lokacin ji ya yi kamar ya shaƙe ɗan banzan. Malam Abdulmannan ya ce a hankali, "Hula, Tasi'u." Da ya ajiye, sai Malam ya tashi da kansa ya ba shi hannu, ya ce, "Yau ka shiga makaranta. Ajiye hula a nan ba faɗuwa ba ce. Cewa ka yi a jira ka, za ka je ka dawo." Mako biyu ya yi yana kwanciya a bakin gaɓa yana yi wa kifaye ihu. Tun daga nan shi da Victor suka zama kamar 'yan ɗaki ɗaya.

Tun a shekararsa ta farko a makarantar ya kafa turken giginya a mashayar garinmu, ya yi masa tsaga taƙi-taƙi daga ƙasa zuwa sama. Kullum bayan asuba zai duba inda ruwa ya kai ya rubuta a littafi. Ranakun da yake Haɗeja Mardiyya ke dubawa, goye da yarinya, mata suna yi mata tsiya wai ta auri sanda. Damina uku suka cika littafi. Burinsa shi ne bayan girbin shekara ta huɗu ya miƙe a zauren Malam ya yi tsayuwarsa ta kammala karatu a kan ruwan Gabaruwa.

Tsakanin kogi da gonakin shinkafarmu akwai jinga, tudun ƙasa da kakanni suka tara, ita ke tare ruwa daga gonaki da gidaje. Inda ta fi gajarta shi ne wajen tsohuwar kuka, kuma Tasi'u ya auna wurin: daidai yake da tsaga ta goma sha tara a jikin turkensa.

A damina ta huɗu, tauraron Jabha bai fita ba ruwa ya kai tsaga ta goma sha huɗu. Sauran shekaru sai tauraruwar Sarfa ta kama, wajen wata guda a gaba, yake kaiwa nan. Kuma kullum yana ƙara rabin taƙi. Tasi'u ya zo ya same ni da littafin a hannu.

Ya ce, "Ja'afaru, taƙi biyar ya rage. Kwana goma."

Ya je wurin Bulama, mai garinmu, ya roƙa a kira gayya a ɗaga jingar. Gayyar kwana biyar ce ta duk mazan gari. Matsalar ita ce shinkafa ta fara nuna, tsuntsaye jan-baki kuma sun sauka kamar hayaƙi. Kowane namiji yana gonarsa daga fitowar rana zuwa faɗuwarta, yana jan igiyar gwangwanaye yana ihu. Wanda ya bar gonarsa kwana biyar, kara zai tarar. Bulama ya ce a taru bayan sallar Juma'a.

Aka taru a gindin durumin ƙofar Bulama. Tasi'u ya yi magana yadda aka koya masa, daki-daki, ba gaggawa. Ya nuna littafi, ya zana jinga a ƙasa, ya lissafa. Wallahi na ga fuskokin mutane suna sauyawa. Har wani ya fara tambayar buhu nawa za a nema.

Sai Baba Gambo ya gyara murya. Shi ne Sarkin Ruwa, aminin mahaifin Tasi'u, shi ya fara damƙa masa filafilin tuƙi a hannu yana yaro.

Ya ce, "Ɗana, sandarka shekararta nawa?"

"Huɗu, Baba."

"To idona ya haura sittin a kan ruwan nan. Shekarar da aka haifi uwar matarka, ruwa ya yi irin wannan saurin, har muka ɗaure kaya. Da ya kai gindin kuka sai ya tsaya cak, ya juya ya bi mashigar nan ta Hanyar Dorina ya watsu a dausayi. Ko tsinke bai ɗauka ba. Sandarka ta ga wannan shekarar?"

"Ba ta gani ba, Baba."

"To me zai hana ya sake bin hanyarsa bana?"

Tambaya ce mai ƙafa, kuma Tasi'u bai taɓa zuwa Hanyar Dorina ya duba ba. Da ni ne, da na rantse da Allah na ce na tabbata, a yi gayya tukuna. Kowa a garin nan da haka zai yi. Amma shekara huɗu ana koya masa kada ya ce ya san abin da bai sani ba, har abin ya zama jininsa. Ina kallo hannunsa ya tafi kansa. Ya cire hular, ya durƙusa ya ajiye ta a gaban Baba Gambo, ya ce, "Hujjarka ta fi tawa a yau." Ya koma ya zauna.

A garinmu yaro ba ya ajiye hula a gaban babba sai in ya yi laifi yana neman gafara. Wani daga baya ya ce, "Don-Me ya tuba!" Aka fashe da dariya irin ta wanda aka sauke wa kaya. Bulama ya shafa fatiha. Kafin Tasi'u ya ɗago kai, mutane sun kama hanyar gona da gudu, don tsuntsaye ba su san Juma'a ba.

Baba Gambo ya ɗauki hular ya kaɗe ta ya miƙa masa. "Karɓi, ɗana. Na yafe maka."

"Ba gafara na nema ba, Baba. Riƙe ta sai na kawo amsa."

Tsohon ya dube shi kamar mai duban marar lafiya, ya cusa hular a aljihu ya tafi.

Da muka rage mu biyu, Tasi'u ya kalli filin da ba kowa, ya ce, "Ja'afaru, ina suka tafi? Ai ba a gama ba." Sai a lokacin ya gane abin da ya yi. Ya dafe kai da hannu biyu.

Washegari da asuba muka ɗauki kwale-kwale muka nufi Hanyar Dorina. Wuni guda muna tuƙi. Da muka isa, babu hanya. Ciyawar kacala ta cinye ta, ta fi tsayin mutum biyu, a cunkushe kamar katanga, ko filafili ba ya shiga. Tasi'u ya jefa busasshen ganye a ruwa, muka zuba masa ido. Ganyen bai motsa ba. Ruwan ba shi da mafita sai kanmu.

Ran Lahadi muka dawo, bai ko shiga gida ba ya wuce wurin Bulama. Bulama ya ce an riga an yi fatiha a kan maganar, ba zai sake tara mutane su bar gonakinsu ba. Ya je wurin Baba Gambo, tsohon ya ɗaga masa hannu tun bai fara ba.

"Ka ba da haƙuri a gaban jama'a, an yaba maka. Kada ka ɓata abinka, ɗana. Je ka huta, karatun nan ya yi maka yawa."

Sai ya shiga bin gonaki ɗaya bayan ɗaya, kai ba hula cikin rana, laka har gwiwa. Ya tsaya a bakin gona ya yi ta kiran mai ita, "Kawu, Hanyar Dorina ta toshe! Na gani da idona!" Gwangwanaye na kaɗawa, mutane na ihun korar tsuntsaye, muryarsa ta zama ɗaya daga cikin ihun. Wanda ya ji shi ma sai ya ce, "Ba kai ka janye ba?" Mata suka fara cewa magidanci da ke yawo kai a buɗe yana surutai, a nema masa rubutu. Mahaifiyarsa ta biyo shi da wata hular tana kuka, ta ce, "Don Allah Tasi'u rufa mini asiri ka sa." Ya riƙe hannunta ya ce, "Inna, tawa tana wurin Baba Gambo." Na so in mare shi, na so in rungume shi, na rasa wanda zan yi.

Ran Litinin muryarsa ta dushe. Ya hau kan jinga inda waya ke kamawa ya kira Victor. Talata da hantsi sai ga Victor da ɗalibai huɗu a kwale-kwalen haya, da tarin buhunan da ba komai a ciki, da saƙon Malam Abdulmannan cewa an rufe karatu sai sun dawo.

Victor ya dubi kan Tasi'u ya ce, "Wa ya ci hular?"

"Sarkin Ruwa."

"Na gasken? Kai, Tasi'u. A zaure ake wannan, ba a gaban mutanen da tsuntsu ke cin abincinsu ba." Ya ga fuskar abokinsa, sai ya tuɓe takalmi ya ce, "Ina shebur?"

Mu bakwai muka kama aikin mutum ɗari. Wurin da ke bukatar ɗagawa taki ɗari uku ne. Muka fara daga gindin kuka, muna cika buhu muna jerawa muna takewa. Mardiyya da Inna 'Yar'azumi suna kawo mana kunu, daga baya suka ajiye ƙwarya suka kama riƙe bakin buhu. Tela da direba hannuwansu suka fashe tun ranar farko. Tasi'u ba ya zama. Ya ɗauki buhu, ya ruga mashaya ya duba turke, ya dawo ya ɗauki wani. Masu wucewa gona suna yi mana sannu, irin sannun da ake yi wa mahaukata.

Laraba da safe ya dawo daga mashaya yana tafiya kamar tsoho. Ya ce, "Taƙi ɗaya da rabi tun jiya. Lissafina ya yi kuskure, Ja'afaru. Na ɗauka zai riƙe tafiyarsa. Ba zai kai kwana goma ba."

Alhamis da hantsi, kwana shida da taron, ruwa ya fara lasar saman jinga. Taki saba'in kawai muka ɗaga. A lokacin ne mutanen gari suka taho a guje da fatanya da kwanduna, Bulama a gaba, kowa yana neman buhu. Ba a yi sa'a ɗaya ba jingar ta ɓalle, daidai inda buhunanmu suka ƙare. Ƙarar kamar an kayar da gini. Ruwa ya shiga shinkafa, muna tsaye muna kallo zangarniya tana nutsewa, tsuntsayen suka tashi sama suna kewaya, su ma sun rasa wurin sauka.

Da ta wajen kuka ta ɓalle, da kai tsaye cikin gidaje zai faɗa. Da yake wurin ya riƙe, sai da ya zaga ta gonaki, bai iso gari ba sai bayan azahar. A wannan tsakanin aka kwashe mata da yara da tsofaffi zuwa tudun makarantar firamare. Ruwa bai ci rai ko ɗaya ba. Amma ya ci shinkafa duka, ya ci rumbuna, gidajen ƙasa suka narke ɗaya bayan ɗaya.

Kwana biyu Tasi'u yana jigilar mutane da awaki. A nan wani tsohon kwanon rufi da ke ƙarƙashin ruwa ya yanke shi a tafin ƙafa. Ya ɗaure da tsumma ya ci gaba. A kan tudu ba magani, hanyar mota ta yanke, ruwan sha ma wanda ya ci garin muke sha. Ƙafar ta kumbura har cinya, zazzaɓi ya rufe shi. Mutane suna zuwa gaishe shi suna sunkuyar da kai, shi kuwa abin da yake ta maimaita wa Mardiyya shi ne, "Da na je na duba tun kafin taron. Wuni ɗaya ne fa. Wuni ɗaya."

Rana ta takwas muka sa shi a kwale-kwale don mu kai shi inda mota ke tsayawa. Baba Gambo ya ce ba wanda zai tuƙa sai shi. Na ɗora kan Tasi'u a cinyata, ina kare masa rana da rigata. Muna bi ta saman gonakinmu, ba abin da ake gani sai kan turakun igiyar gwangwani.

Can ya buɗe ido ya ce, "Baba."

"Na'am, ɗana."

"Ka tambaye ni me zai hana ruwa bin Hanyar Dorina. Kacala ta toshe ta. Na je, na jefa ganye, bai motsa ba. Ja'afaru shaida ne."

"Na ji, ɗana. Na gani ai. Yi shiru ka huta."

"Ka gamsu?"

Tsohon ya dube ni, bai san abin da ake nema a wurinsa ba. Na gaya masa yadda ake yi a makarantarsu, da abin da ajiye hula ke nufi a can. Ya daina tuƙi.

Ya ce, "Wato cewa ya yi in jira shi?"

Na ce, "Eh, Baba."

Ya sa hannu a aljihu ya fito da hular Tasi'u, ashe tun ran Juma'ar tana tare da shi. Ya rarrafo ya sa masa ita, ya gyara mata zama. Sannan ya cire tasa, tsoho mai furfura, ya ajiye ta a cikin ruwan da ya taru a gindin jirgi, a gaban ƙafar Tasi'u mai ciwo. Ya ce, "Yaya ake faɗa?" Na faɗa masa, ya maimaita.

Tasi'u ya yi murmushi ya ce, "Ba a gaban jama'a ba ne, amma na karɓa."

Baba Gambo ya koma ya kama filafili, yana tuƙi da ƙarfin da ban san yana da shi ba. Muna hango motoci a kan titi, har ina jin ƙahonsu, na ji kan ya yi nauyi a cinyata. Na kira sunansa sau uku. Shekararsa talatin.

A Haɗeja aka yi masa sutura, don maƙabartarmu tana ƙarƙashin ruwa. Malam Abdulmannan ya yi masa salla. Victor ya tsaya daga gefe har aka gama, sannan ya zo ya riƙe ni muka yi kuka kamar yara.

Wata uku ke nan. Ruwa ya janye, mun koma muna kwana a rumfunan zana a kan kufan gidajenmu, muna cin abin da 'yan'uwa suka aiko. Littafin yana wurin Mardiyya, ya jiƙe ya bushe, wasu shafukan sun manne. Turken yana nan a mashaya, laka ta rufe shi har tsaga ta shida. Baba Gambo bai sake sa hula ba. An yi masa magana, Bulama ma ya yi, ya ce shi bai samo amsa ba tukuna.

Allah ya jiƙanka, Tasi'u. Allah ya sa ka huta.